Nonon Ƙwarya Da Daddawa: Kada Mu Raina Abinmu

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da muke gani kullum a gidajenmu, har sabo ya sa mun daina ganin girmansa, wato nonon shanu mai tsami da daddawar miya da kokon safe.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, ni malama ce a wata makarantar firamare a nan Kazaure. Ran nan lokacin tara na tarar da wata yarinya a bayan aji ta ɓoye kwanonta tana shan fura da nono, wai 'yan ajinsu suna yi mata dariya don su lemon roba suka zo da shi. Na zaunar da su na tambaye su, tsakanin abin da ke cikin kwanon nan da ruwan sukari mai launi, wanne ne zai riƙe cikin mutum har a tashi? Suka yi shiru. To, amma laifin ba nasu ba ne. A wurinmu iyaye suka ga ana raina abin gida.

'Yar'uwa, kin taɓa tambayar kanki abin da ke sa madara ta kwana ta zama kindirmo? Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ido ba ya gani sai da madubin likita, ana ce musu bakteriya. Da yawanmu in mun ji wannan suna sai mu tuna da cuta. Alhali kuwa kamar yadda mutane suke, akwai na banza akwai na kirki. Na kirkin su ne ke cinye zaƙin da ke cikin madara, su mai da shi tsami. Kuma muna samun amfani daga abin da suka sarrafa suka bari a cikin abincin.

Da farko dai tsamin nan da kansa kariya ne, domin yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa iya yaɗuwa a cikinsa. Shi ya sa Bafulatana za ta taso daga ruga a ƙasar Roni ko Gwiwa da ƙwarya a ka, ta yi tafiya cikin rana, nononta bai lalace ba, alhali ɗanyar madara ba za ta jure haka ba. Na biyu, akwai mutane da yawa da in sun sha madara sai cikinsu ya kumbura ko ya ɓaci, saboda hanjinsu ba ya iya narkar da zaƙin madara. Irin waɗannan sau da yawa suna shan kindirmo lafiya lau, don bakteriya sun riga sun rage musu aiki. Na uku, waɗansu daga cikin halittun nan suna fitar da wani sinadari mai kashe abokan gabarsu. Akwai guda da ake kira nisin, wanda masana suka gano tun 1928, yau kuwa da shi ake adana cuku da abincin gwangwani a ƙasashe da dama.

Turawa ma sai da suka zo suka koyi wannan a wurin makiyaya. A shekarar 1907 wani masani ɗan Rasha mai suna Mecinikof, wanda ke aiki a birnin Paris, ya rubuta cewa yawan shan nono mai tsami ne ke sa ƙauyawan Bulgeriya tsawon rai. Masanan da suka biyo baya sun ga ya ɗan yi ƙari a maganar, domin tsawon rai ba abinci ɗaya ke kawo shi ba, amma shi ya buɗe ƙofar bincike. Har a 2021 wata ƙungiyar masana ta duniya ta fitar da matsaya cewa ko bayan halittun nan sun mutu, gawarsu da ɓurɓushinsu na iya amfanar jiki, muddin an gwada an tabbatar.

Haka abin yake ga daddawa. Kalwar ɗorawa in ɗanya ce ba mai iya cinta. Sai an dafa, an sussuka, an rufe ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi, sannan wani irin bakteriya ya farfasa abin gina jikin da ke cikinta, ya fito da ɗanɗanon da ke gyara miyar kuka. Tafasar tukunya ba ta kwashe wannan. Dunƙulen kanti kuwa yawancinsa gishiri ne. Ban ce a daina sa shi ba, amma uwargidan da ta kori daddawa daga madafinta don wai tana wari, ta rage wa 'ya'yanta abinci ne. Kokon da aka jiƙa geronsa ya kwana ya yi tsami, shi ma aikinsu ne.

To, yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Wata maƙwabciyata ta ce mini ita ba ta dafa madara kafin ta sa ta kwana, wai in an dafa albarkarta ta tafi. Wannan kuskure ne mai haɗari. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu, da ciwon nan da ke sa shanu ɓari, wanda in ya kama mutum sai ya yi ta zazzaɓi da ciwon gaɓɓai wata da watanni ana zaton maleriya ce. Tsami kaɗai ba ya tabbatar da mutuwar waɗannan. Hanya mai kyau ita ce wadda masu kindirmo na ƙwarai suke bi. A tafasa madarar, a bar ta ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi, a zuba ɗan cokali na nonon jiya mai kyau, a rufe da faifai mai tsabta. Wuta ta kashe na banza, ke kuma kin shuka na kirki da hannunki.

In saye za ki yi, a kasuwar Babura ne ko a ƙofar gida, ki tambayi mai nonon ko ta dafa. Ki duba ƙwaryar da ludayin, ki lura ko ƙuda na sauka. Ki kuma kula da ruwan da za a dama furar da shi, domin sau da yawa nonon lafiyarsa lau, ruwan da aka tsarma ne ya kawo gudawar. Su ma 'yan'uwanmu masu tallan nono ina roƙonsu su riƙe wannan amana, ciniki ne zai ƙaru.

Sannan kada mu mai da nono magani. In yaro yana gudawa, abu na farko shi ne ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi mama da abinci, in abin ya ƙi a garzaya asibiti. Jariri kuwa ba ya bukatar komai sai nonon uwa zalla har wata 6, domin a cikinsa akwai abin da ke ciyar da bakteriyar kirki a hanjinsa. Mu kuma daina sayen kafso barkatai a kemis da ciki ya ɗan murɗa, domin irin wannan magani yana share na kirki tare da na banza. Su na kirkin da ke zaune a hanjinmu, dusar gero da dawa da wake da ganye suke ci, su fitar da abin da ke ƙarfafa bangon hanjin. Saboda haka tuwo da miyar ganye ma suna cikin lissafi.

Ina kira ga 'yan'uwana malamai mata, mu sa wannan cikin darasin tsabta, mu nuna wa yara yadda ake kindirmo da idonsu. Ku kuma iyaye, in kun zuba wa yarinya fura da nono za ta makaranta, ku gaya mata abin da ke ciki, don ta sha a gaban kowa ba tare da kunya ba. Ita yarinyar da na ba ku labari, yanzu a kan bencinta take sha, har ta samu abokan tayi.