Takardar Gwajinki Ba Ta Ƙunshe Ƙosai Ba Ce

'Yan uwana mata masu zuwa awo, da ku magidanta, duk mun san inda tsofaffin takardun ofis kan ƙare. Ana sayar da su a kasuwa, mai ƙosai da mai gyaɗa su saya su riƙa ƙunshe kaya. In takardar lissafi ce, da sauƙi. To amma wani lokaci sakamakon gwaji ne daga wani ɗakin gwaje-gwaje ko ƙaramin asibiti, ga sunan mace cikakke, ga unguwarsu, ga lambar wayarta.

Ku dubi abin da ake rubuta wa mai ciki: rukunin jininta, ko AA ce ko AS, gwajin ƙanjamau, na ciwon hanta, na tunjere, har da yawan cikin da ya taɓa zube mata. Akwai matar da ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa wasu daga cikin waɗannan ba. Yaron da aka aika sayen ƙosai kuwa ya iya karatu. Daga bakinsa sai maƙwabta, sai dangin miji. Aure na iya mutuwa a kan haka, kuma macen da aka tona wa asiri da wuya ta dawo karɓar maganin da zai kare jaririnta daga kamuwa da cutar.

Don haka ni a ganina, duk wurin da ke karɓar sunan majiyyaci, asibiti ne ko ɗakin hoton ciki ko kantin magani, bai kamata ya jefa takarda mai suna a kwandon shara ba sai an daddatsa ta. Ba fayil nake nufi ba, shi wajibi ne a adana shi. Ina nufin fom da aka ɓata, da kwafin da ya yi saura, da sakamakon da ba a zo karɓa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majiyyaci sirri ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi abin da ke kan takarda kamar yadda ta shafi na cikin kwamfuta.

Injin daddatsa takarda ma iri-iri ne. Mai yanka dogayen zirara bai wadatar ba, domin mai haƙuri zai iya jera su ya karanta. Wanda ke yanka a tsaye da a kwance shi ne abin nema. Masu cewa babu wuta ko babu kuɗi, akwati mai kwaɗo dai bai fi ƙarfinsu ba. A tara a ciki, a ƙone ƙurmus a gaban ma'aikaci.

A gida kuma, 'yar uwa, kada ki ji wannan ki yaga katin awonki. Shi da takardar tiyata, da ta rukunin jini, da katin rigakafin yaro, ki adana su a leda cikin akwati, za mu nema a ciki na gaba. Wadda kika tabbatar ta gama amfani, ki yayyaga ta, ki jiƙa a ruwa har ta dagargaje sannan ki zubar. In ƙonawa za a yi, maigida ya yi, ke ki nisanci hayaƙin.

Kuma in an tura ki gwaji a waje, ki koma ki karɓi sakamakonki da kanki, ki tambaye su yadda suke yi da kwafin da ya rage a hannunsu.