Wake Ɗaya Ke Ɓata Gari

Abin da wasu yaranmu ke yi a kasuwannin gwanjo nan Ikko ya ishe ni. Su saro sabuwar riga jabu, su cusa ta cikin dila, su rantse da Allah tsohuwar Lacoste ce ta asali. Haba!

Mai saye, buɗe ido. Ta gaske galibi lamba ake sa wa girmanta, 4 ko 5, maɓallanta ba rubutu. Rigunan kafin 1990 kuwa, yawanci ɗinki layi ɗaya ne a bakin hannu, ba biyu ba.

Jama'a, amana ce jarin Bahaushe a kurmi. Ranar da ta ƙare, har mai goro sai ya ji a jikinsa. Mu ji tsoron Allah.