Filin kimiyya: yaya ordinatar ke sanin yatsa bai ɗaga ba?

Duk wanda ya taɓa jan wata takarda daga wuri zuwa wuri bisa allon ordinatar ya yi aiki uku: ya danna maɓallin kusu, ya ja, ya saki. Kusun nan, linzamin da Douglas Engelbart ya gwada ma jama'a a San Francisco cikin shekara ta 1968, bai san ja ba. Labaru ne guntaye yake aikawa: an danna, an motsa, an saki. Mai rubuta porogaram shi ke haɗa su har su zama ja.

Sabon shiga yakan bi hanya mai sauƙi. In an danna, porogaram ya riƙe cewa yatsa na bisa; in an saki, ya goge. To amma idan mutum ya ja kusu har waje da tagar porogaram kana ya saki, labarin sakin yana iya ƙin isowa. Kusu ya komo, porogaram na nan bisa tsohon labari: layi ya yi ta zanuwa babu mai zana shi, takarda ta faɗa inda ba a nufa ba.

Gani ya kori ji. A cikin Windows, kowane saƙon motsi, mai suna WM_MOUSEMOVE, yana tafe da lamba mai faɗin abin da ke danne a wannan lokaci: 1 maɓallin hagu, 2 na dama, 16 na tsakiya. Lambobin tarawa ake yi. Hagu da dama tare 3 ke nan. Maɓallin Shift shi ma yana ƙara 4, don haka wanda ya tambayi ko lambar daidai take da 1 zai ɓata ranar da ta zo 5. Abin tambaya shi ne ko 1 na cikin jimillar.

Ga jan da ke ƙetare taga kuwa akwai umurnin SetCapture. Da zarar an danna, porogaram ya kama kusu, saƙonni su riƙa zuwa gare shi ko daga waje, har a saki.

Saura haƙuri da hannun ɗan Adam, wanda ba ya rasa rawa. Bisa tsarin asali, Windows na jiran kusu ya gusa ɗigo 4 kafin a kira abin ja; ƙasa da haka dannawa ce kawai.