Doyar Ƙafar Giwa: A Fara Lissafin Iri Tukuna

A jihar Kerala da ke kudancin Indiya, manomi yakan haƙa rami a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa cikin Fabrairu ko Maris, ya zuba taki, ya binne yankin wata saiwa, ya rufe da busassun ganye, ya jira ruwa. Bayan wata takwas ko tara, ganyen ya yi ɗorawa ya kwanta, sai ya tono curi mai faɗi, baƙi-baƙi, mai kaushin fata kamar tafin giwa. Mutanen Kerala suna ce mata cena, a arewacin ƙasar kuma suran ko jimikand. Sunan doya kawai ta ara, amma 'yar gidan su gwaza ce, kuma ta gaji ƙaiƙayin gwaza.

Ina son wannan shuka, kuma ina da dalili. Tana jure inuwa, don haka tana zama tsakanin ayaba ko kwakwa ba tare da an sare komai ba. Tana ajiyuwa watanni a wuri mai iska, alhali rogo kwana biyu ko uku da tonowa ya fara lalacewa. Duk wanda ya taɓa ganin manomi yana karyar da amfaninsa don tsoron ruɓewa ya san darajar wannan.

Ƙaiƙayin kuwa Indiyawa sun daɗe da sanin maganinsa: a dafa ta da tsamiya ko lemun tsami. Daga baya aka yaɗa iri mai suna Gajendra daga jihar Andhra Pradesh, wanda ba ya yi wa maƙogwaro komai, cibiyar binciken saiwoyi ta Thiruvananthapuram, wadda aka kafa a 1963, ita ma ta fitar da nata, irin su Sree Padma.

Inda nake jan kunnen masu ɗoki shi ne iri. Ba ƙwaya ake shukawa ba, saiwar ce kanta ake yankawa, kowane yanki kusan kilo ɗaya, kuma dole ya ɗauki wani ɓangare na idon da ke tsakiya, in ba haka ba ba zai tsiro da kyau ba. Sai a tsoma shi a kwaɓin kashin shanu, a shanya a inuwa. A tazarar santimita 90, hekta ɗaya tana cin rami fiye da 12,000. Wato tan tara zuwa goma sha biyu na iri, a gonar da ake sa ran ta ba da tan 30 zuwa 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na abin da aka tono zai koma ƙasa. Talakan da bai da jari ba zai iya wannan ba, kuma idan ruwa ya kwanta a gona, ciwon ruɓewar gindi ya kama, jarin ne gaba ɗaya ya tafi.

Shi ya sa masu binciken Kerala suka koma gwada ƙananan yanka na gram 100. Mu ma mun san wannan dabara, domin cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta yi wa doyarmu irinta tun shekaru da dama.

Ra'ayina shi ne, idan za a gwada wannan shuka a nan, cibiyoyin bincike su fara ɗaukar asarar gwajin, kuma a yi shi inda damina ke da tsawo, kamar kudancin Kaduna, Neja da Nasarawa. Damina mai wata huɗu ta Katsina ko Maraɗi ba za ta raini shukar wata tara ba sai da ban-ruwa. Kuma kafin a ce wa manomi ya sayi iri, a kai wa matan gari su dafa, a ji ko za su sake nema.