Hayaƙin Kalambaina da Buhun Yuriya a Kamba

Manomin shinkafa a fadamun Kamba da Dole Kaina da Lolo, idan ya saɓa buhun yuriya mai kilo 50 ya nufi gona, da wuya ya san cewa sai da aka ci iskar kabon kusan kilo 37 kafin a haɗa abin da ke cikin buhun. Ita ce dai iskar da duniya ke kuka da ita saboda ɗumamar yanayi. A masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a Maris 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, ana fasa iskar gas a kan ƙarfen nikel, a samu haidurojin da iskar kabon. Sai a haɗa haidurojin da naitirojin ɗin da ke cikin iska a kan baƙin ƙarfe, amoniya ta fito, a gwama ta da kabon ɗin, a samu yuriya.

Waɗannan ƙarafa ba sa shiga cikin takin. Aikinsu irin na dillali ne a kasuwar Kamba: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya koma ya jira wani. Iskar kabon kuwa tana da taurin kai, ba ta yarda ta haɗu da wani sinadari cikin sauƙi, shi ya sa masana suka daɗe suna neman ƙarfen da zai lallashe ta. Tun 1902 Paul Sabatier na Faransa da abokin aikinsa Senderens suka nuna cewa nikel na mayar da ita iskar gas mai ci da wuta. A 1986 Yoshio Hori na Japan ya gano cewa jan ƙarfe, idan aka sa masa lantarki, yana fitar da etilin daga gare ta, wato tushen leda da robobi. A ƙasar Iceland an gina masana'antar yin metanol tan 4,000 a shekara daga iskar kabon da garin jan ƙarfe da tutiya, ita kuma ta Anyang a ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2022, an gina ta ne don tan 110,000.

Me ya haɗa ƙananan hukumomin Dandi da Bagudo da wannan? Mai. Wanda ya zauna a Kamba a Nuwamba 2019, lokacin da kwastam suka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ya san irin wuyar da aka sha. Injin ban ruwa ya tsaya, ɗan acaba ya koma sayen galan a bakin titi. Da aka cire tallafi a Mayu 2023, noman rani ya ƙara tsada, mata kuma suna nan da itace da gawayi. Metanol ana girki da shi, ana kuma gauraya shi da fetur. Kayan haɗinsa ba su yi mana nisa ba. Masana'antar siminti ta BUA a Kalambaina tana ƙona farar ƙasa, kuma wannan dutse da kansa yana sakin kusan rabin tan na kabon a kowane tan da aka gasa, ko da me aka hura wutar. Ruwa kuma, Kogin Kwara ta wajenmu yake shigowa Najeriya. Rana kuwa sai wadda ta ishe mu.

Amma kada a ruɗe mu. Ƙarfe shi kaɗai ba ya yin komai sai da haidurojin, kuma haidurojin mai tsabta daga ruwa ake ciro shi da lantarki mai yawan gaske. Metanol ɗin da aka yi ta wannan hanya har yau ya fi na iskar gas tsada. Duk ɗan siyasar da ya yi mana alkawarin irin wannan masana'anta a Kebbi baɗi, alhali asibitocinmu na kwana da janareta, ina roƙon a tambaye shi inda zai samo wutar.

Abin da nake nema bai kai haka tsada ba. Jan ƙarfe da tutiya da nikel ba zinariya ba ne, gwajinsu kuma a kan tebur ake farawa. Muna da sashen kimiyyar sinadarai a jami'ar Aliero da ta Tarayya a Birnin Kebbi, ga cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta zaɓi ɗakin gwaji guda a cikinsu, ta sa masa hasken rana da ba ya yankewa da na'urorin awon iska, kamfanin siminti ya bar ɗalibai su ɗebi hayaƙinsa su gwada. 'Yan majalisarmu na Dandi da Arewa da Bagudo da Suru su kai wannan magana cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa.