Saurayin da Ya Sauko Daga Tauraro, da Namu na Ƙasa

 

A wannan wata zan ɗauko zancen ne daga inda ba ku saba ji na ba, wato daga fim. Dalili kuwa, ƙanwar maigidana da ke karatu a Sakkwato ta zo mana hutu nan Maikujera da wani dogon wasan talabijin na Koriya ta Kudu a wayarta, kafin mako ya zagayo 'yan matan unguwa sun mayar da tsakar gidanmu silima. Kullum bayan Isha'i sai ki ga kawuna bakwai a kan waya ɗaya, ita tana karanta rubutun Turancin da ke ƙasa tana fassara masu. Rabinsu ɗalibaina ne a Islamiyya. Na ce to, abin da ya hana yaran nan tilawa gara in zauna in ga kamanninsa.

Sunan wasan My Love from the Star, a Hausance mu ce masoyina daga tauraro. Tashar SBS ce ta nuna shi daga Disambar 2013 zuwa Fabrairun 2014, kashi 21. Ƙagaggen labarin kimiyya ne. Wani mai suna Do Min-joon ya sauko daga wata duniyar a shekarar 1609, ya tsaya ceton wata yarinya har tafiyarsa ta wuce shi, sai ya zauna cikin mutane shekara 400 bai tsufa ba. Yana iya tsayar da lokaci, yana jin magana daga nesa, yana ɓacewa nan ya bayyana can. Duk bayan 'yan shekaru sai ya sake suna da sana'a don kada a gane shi. Mutum ɗaya tak ya san asirinsa, wani dattijon lauya. Saura wata uku ya koma inda ya fito sai wata shahararriyar 'yar fim, Cheon Song-yi, ta tare a gidan da ke jikin nasa, so ya shiga tsakani. Akwai wuraren da na sa aka tsallake, kun dai gane. Abin dariyar ma, a labarin duk ranar da ya kusance ta irin kusantar da ba ta dace ba sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Na ce da ma haka Allah Ya yi samarinmu, da iyaye sun huta da gadin zaure.

To ga abin da ya tsaya mani a rai. Masu ɓoye sirri biyu ne a wasan. Ɗayan ɗan mai kuɗi ne, Lee Jae-kyung, mai fara'a da ladabi a idon jama'a, alhali ya kulle tsohuwar matarsa a asibitin masu taɓin hankali, ya kuma kashe wata 'yar fim da suke soyayya a ɓoye. Shi wannan kowa ya tsine masa. Amma da na tambayi yaran game da Min-joon, wanda ya bar yarinya ta zurfafa a sonsa bai gaya mata ko shi wane ne ba sai da labari ya wuce rabi, sai wata ta ce, "Malama, ai shi wanga ƙauna ta sa ya ɓoye." Sauran duk suka gyaɗa kai, wata har da share hawaye.

Nan ne gabana ya faɗi. Masu shirya wasan sun ba shi kyau da ilimi da kiɗa mai taushi a bayansa, shi ya sa muka yafe masa. Amma ki cire kiɗan ki duba. Mutum ne da ya san kwana nawa suka rage masa, ita ba ta sani ba, tana ta gina rayuwa a kansa. Ko a ƙarshen wasan, da ya dawo bayan shekara uku, zama yake yi ya ɓace ba sallama, ita kuma ta yi ta jira. A fim wannan soyayya ce. A garinmu sunanta miji ya tafi ci-rani ba aike ba saƙo.

Mu ba mu da masu saukowa daga taurari, amma masu ɓoye ko su wane ne muna da su buhu-buhu. Akwai mai mata biyu a wani gari ya zo ya ce shi gwauro ne. Akwai mai zuwa zance da babur ɗin aro. Wanda ya fi ci mani tuwo a ƙwarya shi ne mai ɓoye ciwo. Wata da na taɓa koyarwa, ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba, iyayenta sun yi abin da ya dace, suka ce a yi gwajin jini. Ita AS ce. Saurayin ya san shi ma AS ne, sai ya kawo takardar da ba tasa ba. Ɗansu na fari ya zo da sikila. Yau rabin rayuwarta a hanyar Sakkwato take, daga ƙarin jini sai kwanan asibiti, yaro yana kukan ciwon ƙashi ita tana nata. Da asiri ya tonu, kun san abin da ya ce? Wai tsoron rasa ta ya ji. Maganar ɗalibata ke nan sak, ƙauna ta sa ya ɓoye.

Don wadda ba ta sani ba, idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki fa na ce. Wasu suna ɗauka idan na fari ya zo da ciwon to ukun da ke biye sun tsira, ba haka lissafin yake ba. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a Jihar Kano, ciki har da na jinsin jini da ƙanjamau da ciwon hanta. Doka ta yi kyau, sai dai takarda ba ta hana maƙaryaci ƙarya. Shawarata, a tafi gwajin tare, da wani babba daga kowane ɓangare, a karɓi sakamako hannu da hannu.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wadda ta sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ta wuce ta babin aure, inda aka lissafa aibobin da ake mayar da aure saboda su, irin su hauka da kuturta da albaras. A Sahihu Muslim kuma akwai labarin Faɗimatu bint Ƙais, da ta nemi shawarar Manzon Allah (SAW) a kan mutum biyu masu neman aurenta, ya gaya mata ƙarara ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma ya faɗi halinsa, sannan ya nuna mata Usama. Saboda haka maƙwabciyar da aka zo bincike wurinta ta ce "ni ban san komai ba sai alheri," alhali ta san yaron yana shaye-shaye, ba rufin asiri ta yi ba. Ta dai tura 'yar wani rami ne.

To amma fa kada a fahimce ni a baibai, don na san wata za ta rufe mujallar nan ta je ta tsare miji ko saurayi ta ce sai ya zayyano mata duk abin da ya taɓa yi tun yana sakandare. Wata kuma ita ce za ta zauna a daren farko ta kwance wa ango tarihinta kaf, wai kada ta ci amana. Na ga auren da wannan ya kashe cikin wata biyu, domin namiji yakan ce ya yafe amma da wuya ya manta. A cikin Muwaɗɗa Malik an kawo wani da aka zo neman auren 'yar uwarsa, ya buɗe baki ya faɗi wani kuskure da ta taɓa yi, Sayyidina Umar ya ji labari ya husata har ya doke shi ko ya kusa. Laifin da aka tuba aka bari, Allah Ya rufe, ba na faɗa ba ne. Ciwon da zai shafi lafiyarta ko ta 'ya'yanta, da matar da ke wani gari, da 'ya'yan da aka haifa a baya, da bashin da zai cinye gidan, waɗannan da su za ta kwana ta tashi, dole ta sani kafin a shafa fatiha.

Haka na yi wa yaran bayani washegari a aji, bayan mun gama darasin Ahlari. Wadda ta kare Min-joon ta yi shiru can, sai ta ɗaga hannu ta ce, "To Malama, in na tambaye shi jininsa ya yi hushi fa?" Na ce ba ke za ki tambaya ba, ki gaya wa Inna ta gaya wa Baffanki, aikin waliyyi ke nan. Ta rubuta a bayan littafinta.

Wayar dai ta koma Sakkwato da mai ita, tilawa ta dawo. Sai Allah Ya kai mu wata mai zuwa. Wassalam.