Gubar Kuromiyam a Ruwan Shan Kano

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in faɗakar da jama'a bisa wata musiba wadda, saboda ba ta zuwa da ƙara, muka gafala da ita. Iyayenmu majema da bagaruwa suke jima, amma masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai da sinadarin kuromiyam suke aiki, kuma dagwalonsu, shuɗi-shuɗi mai ɗoyi, yakan bi magudanai ya faɗa kogin Challawa da na Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyafo, daga nan kuma ya tsuma cikin rijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha, domin nau'insa mafi sharri yana lahanta ƙoda da hanta, likitoci kuma sun tabbatar shaƙarsa na haddasa sankarar huhu; tafasa ruwa kuwa, wadda talaka ya dogara da ita, ba ta kawar da shi. Tun da shari'a ta haramta cutarwa, wajibi ne hukuma ta tilasta tace dagwalon, ta kuma riƙa auna ruwan rijiyoyinmu tana bayyana sakamakon.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu, Kano.